Tsawon Rani Ke Shata Iyakar Itatuwa a Afirka

Tsakanin Fatakwal da Agadas akwai tazarar kimanin kilomita 1,350 in an miƙe layi, kuma a cikin wannan tazara daji yana sauya kama aƙalla sau biyar. A bakin teku itatuwan ruwan gishiri ne masu saiwoyi a waje. Daga nan sai kurmi mai duhu, inda loko da rimi kan haura mita 40. Sai dajin doka da maje da gamba mai shanye tsayin mutum, sai ƙasar kuka da ɗorawa da kaɗanya, sai ta aduwa da ɗakwara da karangiya, sannan rairayi. Matsakaicin zafin shekara a garuruwan nan biyu bai bambanta da fiye da digiri biyu ko uku ba, saboda haka zafi ba shi da babban hannu a wannan rabo. Aikin ruwa ne. Ko a ruwan ma, jimillar abin da ya sauka a shekara ba ta kai muhimmancin wannan tambaya ba: wata nawa itace zai yi a tsaye bai ga ɗigo ba?

Tushen abin iskoki biyu ne. Ɗaya tana tasowa daga tekun Atlantika ta kudu maso yamma ɗauke da laima, ɗayar kuma tana gangarowa daga Sahara ta arewa maso gabas a bushe, wato iskar hunturu mai hazo. Inda suka yi karo akwai wani layi da ba ya zama wuri ɗaya, yana bin rana. A watan Janairu yana can dab da gaɓar teku, shi ya sa wani lokaci hazo kan kai har Legas. Daga Maris sai ya fara haurowa, a watan Agusta ya wuce Agadas ya kai wajen digiri 20 arewa da ikwaita, sannan ya juya da baya cikin sauri. Ruwa ba ya sauka a kan layin kansa, domin a nan iskar teku ba ta da kauri, busasshiyar iska ta danne ta daga sama. Sai an koma ɗaruruwan kilomita kudu da shi ake samun hadari mai ƙarfi da marka. Ke nan duk garin da layin ya riga wucewa kuma ya makara dawowa kansa, daminarsa ta yi tsawo. Wanda yake can ƙarshen tafiyar, ɗan abin da ya rage yake samu.

Alƙaluma suna nuna wannan tsani a fili. Fatakwal tana samun sama da milimita 2,000 a shekara, Zariya kimanin 1,000, Kano wajen 800, Maraɗi wajen 500, Damagaram wajen 400, Agadas da wuya ta wuce 150, Bilma kuwa ba ta kai 20 ba. Milimita ɗaya na nufin lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita, wato lita 10,000 a hekta. Amma a ƙasar Sahel rana da iska na iya busar da sama da milimita 2,000 a shekara in da akwai ruwan, abin da ke nuna cewa a mafi yawan watanni ƙasa asara take yi. Masana tsirrai suna da ƙa'ida mai sauƙi ta gane watan fari: a ninka matsakaicin zafin watan sau biyu, in ruwan da ya sauka bai kai wannan adadi ba a milimita, watan busasshe ne. Inda zafi yake digiri 28, duk watan da bai samu milimita 56 ba ya shiga lissafin rani. Masana aikin gona kuma suna ƙirga kwanakin da ruwan sama ya wuce rabin abin da rana ke iya busarwa, su kira su kwanakin girman shuka. Da awon watan fari, kurmi ba ya jure busassun watanni fiye da uku ko ɗan sama da haka. Dajin doka yana ɗaukar biyar zuwa shida, ƙasar kuka da ɗorawa shida zuwa takwas, Sahel takwas zuwa goma.

A kan wannan ne masanin tsirrai R.W.J. Keay ya raba dazuzzukan Najeriya a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, da sunayen da har yau ake koyarwa a makarantu, wato Gini ta kudu da ta arewa (inda dajin doka yake), Sudan (ƙasar kuka da ɗorawa), da Sahel. A 1983 Frank White ya fitar da taswirar tsirran Afirka baki ɗaya a ƙarƙashin UNESCO, shi kuma bai tsaya ga kamannin daji ba, ya duba irin tsirran da ba a samu sai a yanki guda.

Kowane yanki yana da dabarar da itatuwansa ke tsallake rani da ita, kuma dabarar ce ke ba dajin kamanninsa. A kurmi ruwa ba ya yankewa, gasar ta haske ce. Itace yana miƙewa sama da siririn ɓawo da faffaɗan ganye, saiwoyinsa na shimfiɗe a saman ƙasa suna tsotse ganyen da ya ruɓe nan take. Wannan ne ke yaudarar mai sare kurmi. Yana ganin duhun daji sai ya ɗauka ƙasar ce mai ƙarfi, alhali abincin yana jikin itatuwan, ruwa mai yawa ya daɗe da wanke ƙasar. Shekara biyu ko uku ana samun amfani, daga nan yabanya ta fara rama, tofa ta mamaye.

A dajin doka matsalar biyu ce, fari da wuta. Shi ya sa kaɗanya ke da ɓawo mai kauri da tsage-tsage, doka da taura kuma suke da ajiya a ƙarƙashin ƙasa wadda ke sake toho ko an ƙone saman ƙurmus. Da yawa daga itatuwan nan sukan zubar da ganye a hunturu su fitar da sabo a tsakiyar bazara, tun ruwa bai sauka ba, da ƙarfin abin da suka tara bara. In an matsa arewa, kuka tana ajiye ruwa a cikin jikinta mai laushi, ta yi watanni tsirara. A Sahel ganye ya ƙanƙance, ƙaya ta yawaita, itatuwa sun ja baya da juna saboda saiwar kowanne tana buƙatar fili mai faɗi. Aduwa da anza suna riƙe ganye mai tauri har cikin bazara. Ciyawa kuwa ta zaɓi mutuwa: karangiya tana tsira da ruwan farko, ta yi 'ya'ya cikin 'yan makonni, ta bushe, irin ya kwanta a yashi yana jiran baɗi. Masana sun daɗe suna amfani da ita wajen shata iyaka, inda karangiya ta ƙare a nan Sahara ta fara.

Gawo ya saɓa wa kowa. Yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, domin saiwarsa tana nutsawa har ruwan ƙarƙashin ƙasa, ba ta dogara da na sama ba. Amfanin wannan ga manomi babba ne, tunda ba ya yi wa gero inuwa lokacin girma, ganyensa taki ne, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne a lokacin da babu komai. Zurfin da saiwa kan kai a irin wannan ƙasa ya bayyana a sanannen itacen nan na Tenere a Nijar, wanda ya rayu shi kaɗai a tsakiyar hamada har mota ta kayar da shi a 1973. Rijiyar da aka haƙa kusa da shi ta nuna saiwarsa ta kai ruwa a zurfin sama da mita 30. Gangar jikinsa tana gidan tarihi na Yamai.

Sai dai in aka ce ruwa kaɗai ke yin komai an yi kuskure, kuma kuskuren yana da tsada. Wani bincike da aka wallafa a 2005, wanda ya tattara awo daga wurare 854 a Afirka, ya gano cewa ƙasa da milimita 650 a shekara ruwa ne ke ƙayyade yawan itatuwa. Sama da haka kuwa ruwan ya isa a yi rufaffen daji, abin da ke hana shi rufewa shi ne wuta da dabbobi da gatari. An gwada wannan a aikace tun da daɗewa. A Olokemeji ta kudu maso yammacin Najeriya daga 1929, da Kokondekro kusa da Buwake a Kodebuwa daga 1936, an ware filaye uku-uku: ɗaya ana ƙona shi a farkon rani, ɗaya a ƙarshen rani, ɗaya an hana wuta shiga. Bayan shekaru, wanda aka kare ya koma kurmi, na ƙunar farko ya zama daji mai itatuwa da yawa, na ƙunar ƙarshe ya zama filin ciyawa da 'yan tsirarun itatuwa masu taurin ɓawo. Ruwa ɗaya ne ya sauka a kansu duka.

Dalilin bambancin yana cikin ciyawar. A Nuwamba gamba tana da sauran laima, wutar ba ta da zafi, tana tafiya tsalle-tsalle ta bar wurare ba ta taɓa ba, ƙananan itatuwa su tsira. A Fabrairu da Maris ciyawa ta bushe ƙayau, iska tana kaɗawa, harshen wuta kan kai rassan sama, kuma ta tarar da itatuwa sun fara sabon toho. Don haka a dajin doka, in ba za a iya hana wuta gaba ɗaya ba, ƙunar farko da gangan ta fi jiran ta mafarauta. A Sahel lissafin ya juya. Ciyawar can ba ta sake toho bayan wuta, abin da ya ƙone a Oktoba shi ne abincin garke har Yuni. Can babu wutar da ke da amfani, sai dai share hanyoyin tare wuta masu faɗin mita 10 zuwa 20, a gicciye da inda iskar hunturu ke fitowa.

Ƙasa ma tana karkatar da layin. A wuri mai ƙarancin ruwa jigawa ta fi laka riƙe itace, abin da kan ba mutane mamaki. Yashi yana shanye ruwa ya tura shi ƙasa inda rana ba ta kaiwa, laka da faƙo kuwa suna tsayar da shi a sama ya gudu ko ya bushe. A kan tuddan marmara na kewayen Yamai, daji yana fitowa layi-layi, sahun itatuwa sannan sahun faƙo, domin faƙon ne ke tara wa sahun da ke ƙasa da shi ruwa. Wanda ya dasa itatuwa a cikin faƙon don ya cike gurbi ya yanke wa na asalin ruwansu. Koguna kuma suna jan kurmi zuwa arewa a gefensu, kamar yadda fadama ke riƙe giginya da goriba a inda tudu ba zai iya ba.

Wannan tsari na sahu-sahu daga kudu zuwa arewa ya fi fitowa a Afirka ta Yamma saboda ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce. Ko a nan ma akwai giɓi. Daga gabashin Ghana zuwa Togo da Benin kurmi ya yanke, dajin ciyawa ya gangaro har bakin teku, har da kuka. Akara tana samun ruwa kusan daidai da na Kano, alhali Aksim da ke yammacinta a gaɓa ɗaya tana samun sama da milimita 2,000. A wajen Akara gaɓar tana tafiya kusan kafaɗa da kafaɗa da iskar teku maimakon ta tare ta, sannan daga Yuli zuwa Satumba ruwa mai sanyi yana tasowa daga ƙasan teku ya hana hadari haɗuwa. Akasin haka ake gani a Debunsha, gindin dutsen Kamaru, inda iskar ke cin karo da tsauni mai sama da mita 4,000 ta sauke kusan milimita 10,000 a shekara. A Gabon kuma ana yin wata uku babu ruwa amma kurmi bai gushe ba, domin ranin can na gajimare ne da sanyi, ganye ba ya asarar ruwa sosai.

Gabashin nahiyar ya rushe tsarin baki ɗaya. Arewacin Kenya da Somaliya suna dab da ikwaita, inda ake tsammanin kurmi irin na Kwango, amma ƙaya ce da dangin dashi. Tsaunukan Habasha da na gabashin Kwango sun tare laimar yamma, iskokin tekun Indiya kuma suna bin gefen gaɓa ne ba sa shigowa sosai. Ɗan ruwan da ake samu ya rabu gida biyu a shekara, kowanne gajere.

Tsauni yana yin a tsaye abin da nahiya ke yi a kwance. Duk hawan mita 1,000 zafi yana raguwa da kimanin digiri 6. A Kilimanjaro mai mita 5,895, ana tashi daga dajin ƙaya, a ratsa gonakin ayaba da kofi, a shiga kurmin tsauni tsakanin wajen mita 1,800 da 3,000, a fita zuwa gajerun tsirrai masu jure sanyin dare, a ƙare a duwatsu da ƙanƙara. Wannan ƙa'ida ce ta sa ganyen shayi ke yi a Mambila, dankalin Turawa a Jos, kuma ita ta sa alkama ba ta yi a Kadawa sai da ban ruwa a cikin hunturu. Gero da dawa da masara suna da tsarin sarrafa hasken rana da ke ƙara ƙarfi cikin zafi, alkama kuwa zafi yana ƙona mata fure.

Kudu da Kwango sahun yana maimaituwa a juye, da damina daga Nuwamba zuwa Afrilu. Dajin miyombo da ya rufe yawancin Zambiya da Angola da Tanzaniya da Mozambik ɗan'uwan dajin doka ne, har dangin dokar ma akwai a ciki. Daga nan sai Kalahari, sai hamadar Namib, wadda sanyin igiyar ruwan teku ta Benguwela ya hana wa ruwan sama amma ya ba ta hazo mai laima da asuba. A ƙarshen kudu, kewayen birnin Kef (Cape Town) na Afirka ta Kudu, ruwa yana sauka ne a lokacin sanyi, zafi ya zo a bushe, kamar yadda yake a gaɓar Maroko da Aljeriya da Tunisiya, ƙasar zaitun. A wannan ɗan yanki na Kef mai kimanin murabba'in kilomita 90,000 akwai nau'in tsirrai kusan 9,000, kuma wajen kashi biyu cikin uku ba a samunsu ko'ina a duniya. Da yawansu irinsu ba ya tsira sai hayaƙin gobara ya taɓa shi.

Iyakokin nan ba a kafe suke ba. Tsakanin kimanin shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce Sahara tana da ciyawa da tafkuna, raƙuman dawan da aka sassaƙa a dutsen Dabus arewa da Agadas shaida ne, haka ma zaitun na daji da ya maƙale a tsaunukan Ayar. A zamaninmu, farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1985 sun tura layukan ruwa kudu da sama da kilomita 100, gamba ta ɓace daga wurare da yawa na Sahel, tafkin Cadi ya ragu daga kimanin murabba'in kilomita 25,000 zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na hakan. Amma maganar cewa hamada tana tafiya kudu kamar rundunar yaƙi, kilomita kaza kowace shekara, ba ta da ƙafa. Wani masanin daji ɗan Birtaniya, E.P. Stebbing, ya yi wannan kururuwa a 1935, hukumar haɗin gwiwa ta Ingila da Faransa ta bi iyakar Najeriya da Nijar a 1936 zuwa 1937 ba ta ga haka ba. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna gefen Sahara ya matsa kudu da kimanin kilomita 240 daga 1980 zuwa 1984, sannan ya koma arewa da kimanin 110 a shekara guda da ruwa ya dawo. Lalacewar ƙasa gaskiya ce, amma tana farawa ne daga ciki, a kewayen gari da rijiya da gonar da aka tumɓuke wa kututture.

Wannan fahimta ce ya kamata ta ja ragamar aikin gona da dashe. Dawar gargajiya tana fitar da kai ne bisa tsawon yini, kuma binciken cibiyar nazarin aikin gona ta Samaru a Zariya tun shekarun 1960 ya nuna cewa kowane iri ya daidaita furensa da ƙarshen damina a inda ya saba. In aka kai irin kudancin Kaduna Katsina, ruwa zai ɗauke bai fitar da kai ba. In aka kawo na Katsina kudu, zai nuna cikin ruwa ya yi fumfuna. Itace ma haka ne. Mafi yawan dashen da ke mutuwa a Sahel dalili uku ne ke kashe shi: an kawo nau'in da ke son ruwan da babu, an dasa a ƙarshen Agusta ko Satumba lokacin da saura 'yan makonni ruwa ya ɗauke, ko an bar shi ba kariya awaki sun cinye. Dashe yana son ya shiga ƙasa da zarar damina ta zauna, daga Yuli zuwa farkon Agusta, don saiwa ta samu wata biyu tana bin laima zuwa ƙasa. A faƙo kuma sai an fara tara ruwa, ko da ramin tassa mai faɗin santimita 20 zuwa 30 da ɗan taki a ciki, ko da rami mai siffar rabin wata mai faɗin kimanin mita 4 wanda bakinsa ke kallon inda ruwa ke gangarowa. In aka juya bakin, ko aka jera su ba a kan layin da ya daidaita da gangaren ba, ruwa zai fasa su a hadarin farko.

Abin da ya fi kowane dashe tasiri shi ne wanda manoman Maraɗi da Damagaram suka yi daga tsakiyar shekarun 1980, wato rainon tohon kututture a cikin gona. Sabara da kalgo da gawo da ake sassabewa duk shekara suna da tsohuwar saiwa mai rai a ƙasa. Ana zaɓar rassa uku zuwa biyar mafiya ƙarfi a kan kututture, a yanke sauran da kaifin wuƙa ko lauje daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage, a rage rassan gefe har rabin tsayi, a dawo a sake gyarawa bayan 'yan watanni. An ƙiyasta filin da ya farfaɗo ta haka a Nijar da kimanin hekta miliyan 5. Itatuwan ba sa buƙatar ban ruwa, tunda su ne waɗanda ranin wurin ya riga ya tace.

Inda babu kututture dole a koma ga iri, kuma asalin irin yana da muhimmanci ko da nau'in ɗaya ne. A gwajin da aka yi a Nijar, gawon da aka kawo irinsa daga kudancin Afirka ya fi na gida saurin tashi da farko, daga baya ya riƙa mutuwa a yashi, domin ya saba da gefen kogi, ƙarfinsa yana tafiya ga ganye ba ga saiwa ba. Irin da aka tsinta daga iyaye masu lafiya a yankin, ko daga wurin da ya ɗan fi shi bushewa, shi ne abin dogaro. Ƙwayar gawo da ta bagaruwa suna da tauri, sai an ɗan kankare gefensu ko an zuba musu ruwan zafi an bar su sun kwana kafin shuka. Kada kuma tsiron ya wuce wata uku zuwa huɗu a leda, domin uwar saiwar za ta naɗe a gindin ledar, kuma gawon da saiwarsa ta naɗe ba zai kai ga ruwan ƙasa ba kafin bazarar farko.